Kafin a Manna Tayil a Bangon Banɗaki Mai Fenti

Idan tayil ya ɓalle daga bangon banɗaki, a ɗauko shi a juya bayansa. Galibi za a tarar simintin ko gam ɗin na nan daram a jikinsa, a saman simintin kuma ga ɓawon fenti ya biyo shi, wani lokaci har da farin garin sikiridin, shafin nan da ake yi wa bango don ya yi sulɓi kafin fenti. Wato tayil bai saki siminti ba, siminti ma bai saki fenti ba. Fentin ne ya rabu da bango, ya taho da duk abin da aka ɗora masa. Wannan matsala ta fi yawa a gidajen da aka daɗe da tarewa, a Gusau ne ko Birnin Kebbi ko Talata Mafara, inda da can aka yi wa makewayi filasta da fenti kawai, sai yanzu da hali ya samu ake son a sa tayil.

Lissafin nauyi kaɗai ya isa ya nuna dalili. Murabba'in mita ɗaya na tayil ɗin bango na gama-gari, mai kaurin milimita 7 zuwa 8, yana kai kilo 14 zuwa 16. Na fosilin, wato tayil mai tauri da kusan ba ya shan ruwa, mai kaurin milimita 10 ya haura kilo 20. A ƙara kilo 4 na gam, ko kusan kilo 20 idan da kwaɓin siminti da yashi mai kaurin santimita 1 aka manna. Filastar siminti mai lafiya tana ɗaukar wannan, har wajen kilo 40 a kowane murabba'in mita. Fenti kuwa ba a yi shi don ya ɗauki komai ba sai kansa, ɗora masa tayil kamar aza wa jaki buhu ne a kan akumarin da ba a ɗaure ba. Ga kuma ruwa. Fuskar tayil ba ta shan ruwa, amma layukan da ke tsakaninsu suna sha, kuma kullum ana wanka ana alwala a wurin. Da damshi ya isa bayan tayil, fentin ruwa ya yi laushi, shi ke nan.

Me ke jikin bangon?

Kafin a taɓa guduma, a san abin da ake fama da shi, domin kowane irin fenti da yadda ake cire shi. A shafa tafin hannu a bango. Idan hannu ya yi fari, farar ƙasa ce ko fenti mai arha da ya riga ya zama gari. Idan bai yi ba, a jiƙa tsumma da sifirit na kemis a goga wuri ɗaya na ɗan lokaci: fentin ruwa zai yi laushi ya rina tsumman, fentin mai ba zai ko motsa ba. Teskot kuwa, fentin nan mai kauri da ƙuraje, ba ya ɓuya, kaushinsa ya isa shaida. A tsoffin gidaje sau da yawa akwai hawa uku ko huɗu, fentin mai daga ƙasa zuwa ƙirji, fentin ruwa daga nan zuwa sama, an kuma sake bi da wani a kai lokacin wani biki ko sallah.

Sai a ɗauki ƙusa a karta da zurfi har a ga launin toka na filasta. Idan tsakanin fenti da filasta akwai wani farin abu mai laushi, mai kaurin milimita 1 zuwa 3, an yi wa bangon sikiridin. Wannan ya fi fentin kansa haɗari. Yawancin masu sikiridin suna haɗa garin fi-o-fi da fenti da farin gam, shi kuwa fi-o-fi jifsam ne. Jifsam yana laushi cikin ruwa, kuma idan ya haɗu da siminti a wuri mai damshi sukan haifar da wani sinadari mai kumbura a daidai mahaɗarsu, ya ture tayil daga bango. Saboda haka a banɗaki sikiridin ba abin tattaunawa ba ne, fita zai yi gaba ɗaya.

Akwai gwajin da ake yi da reza da salatif: a tsaga fenti layi-layi a tsaye da a kwance, tazarar milimita 2 zuwa 3, a manna salatif mai ƙarfi a danne, a fizge da sauri. Idan gutsattsarin fenti sun biyo shi, an gama magana. Amma ko bai biyo ba, kada a ɗauka an sami lasisin manna tayil a kai, domin salatif bai kai nauyin tayil ba, kuma an yi gwajin ne a busasshen bango.

Famfo da waya tukuna

Duk wani aikin mai famfo da mai wuta a gama shi kafin a soma gyaran fuskar bango. Idan za a sauya wurin shawa, ko a ƙara famfon alwala, ko a sa hita, yanzu ne lokacin fasa bango. Bayan an haɗa bututu a toshe bakunansu, a cika tanki, a buɗe ruwa ya zauna a cikinsu kwana ɗaya cur, a bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda ana dubawa. Ɗigo ɗaya a minti ba ya ɗaukar ido yau, amma cikin wata uku zai fito a bangon ɗakin da ke maƙwabtaka. A tabbatar bakin kowane famfo ya fito daidai inda fuskar tayil za ta tsaya. Idan ya nutse ciki, mai famfo zai zo daga baya ya yi ta ƙari da dabaru, nan ne yoyo yake farawa. Kafin a rufe ramukan, a ɗauki hoton bangon da waya tare da tef ɗin awo a jiki. Ranar da za a huda tayil don rataye madubi za a gode wa wannan hoton.

Ramin bututu a cika shi da kwaɓi mai ƙarfi, siminti 1 yashi 3, a shimfiɗa raga a kai ta wuce kowane gefe da santimita 10, domin a nan filasta ta fi saurin tsagewa. A kashe wutar ɗakin daga akwatin mita kafin a fara sara ko jiƙa bango.

Cire fentin

A nan ake samun saɓani tsakanin mai gida da mai tayil. Abin da aka saba ji shi ne, "Alhaji, ai sassarawa kawai za mu yi, zai kama." Sai yaron aiki ya ɗauki guduma da cizal ya bi bango yana ƙwanƙwasa rami nan da can, tazarar tafin hannu ko fiye. A tsaya a duba bangon bayan an gama: ramukan duka in an tara su ba su kai kashi ɗaya cikin goma na fuskar bangon ba. Sauran kashi tara fenti ne. Siminti zai kama cikin ramukan, gaskiya ne, shi ya sa tayil ɗin kan yi shekara ɗaya ko biyu a tsaye. Amma yana rataye ne a kan ɗigo-ɗigo, ko'ina a tsakani fanko ne, kuma zafin rana da sanyin hunturu suna ta jan bango suna saki har ɗigon ya gaji.

Dalilin wannan gaggawa ba ɓoyayye ba ne. Ana biyan mai tayil ne bisa yawan mitar da ya manna, kankare bango kuwa yini biyu ne ko uku da ba a lissafa masa ba. Maganin shi ne a yi cinikin gyaran bango daban, a biya shi daban, a kuma duba shi da ido kafin a buɗe kwalin tayil ko ɗaya. Abin da ake nema shi ne a ga filasta tsirara. Inda ruwa ke dukan bango, wajen shawa da inda ake ajiye bokiti, a cire duka. Sauran wurare idan an sami kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari a warwatse ko'ina, kuma ragowar ta ƙi fita ko da ƙarfe, ana iya haƙura.

Farar ƙasa da fentin ruwa su ne masu sauƙi. A jiƙa bango da soso ko buroshi, a bar shi minti 15 zuwa 20, a sake jiƙawa, sannan a bi da faffaɗan ƙarfen kankara. Jiƙaƙƙen fenti yana saɓulowa, ga shi babu ƙura. Abin da ya rage a ramukan filasta a bi shi da buroshin ƙarfe. Sikiridin ma haka, sai dai ya fi son haƙuri, kuma bayan an kankare sai an wanke da ruwa da buroshi har ruwan ya daina yin fari.

Fentin mai da teskot ruwa ba ya musu komai. Hanyar da ta fi sauri ita ce giranda da aka sa wa faifai mai siffar kofi, irin na gurzar kankare, ba faifan yanka ba. A riƙe shi a kwance a jikin bango ana tafiya da shi, kada a tsaya wuri ɗaya don zai haƙa rami. Idan babu wuta ko babu injin, sai sara, amma sara na gaskiya: baki da baki, cizal a karkace yana ɗauke fenti tare da fatar filasta, har a rasa inda za a aza ɗan yatsa a kan fenti. Samfefa ba ta aikin nan, dushe ƙyallin kawai take yi. Maganin narkar da fenti na gwangwani yana aiki, amma yana barin maiƙo a cikin filasta, idan ba a wanke shi sosai ba ya zama sabuwar matsala.

A kan fentin mai akwai maganar lafiya da ba a wasa da ita. Yawancin tsoffin fentin mai, musamman rawaya da ja, akwai dalma a cikinsu. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar dogon bayani a kan gubar dalma bayan abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Can ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa a cikin gida. Nan ƙurar fenti ce, yawanta bai kai waccan ba, amma guba ɗaya ce, kuma ta hanci da baki take shiga, yara ƙanana ta fi yi wa illa. Don haka a fitar da yara da masu juna biyu daga sashen, a rufe ƙofar da ke shiga ɗaki da leda, a riƙa yayyafa wa bango ruwa don ƙura ta kwanta, mai aiki ya sa takunkumin ƙura na gaske da tabarau. Kada a ƙona fenti da wuta. Ƙurar a kwashe ta a jiƙe a ƙulle a leda, kada a share ta da tsintsiya zuwa tsakar gida inda ake shanya da girki. Ƙurar siminti da yashi ita ma tana cin huhu, ko da babu dalma.

Wani zai ce akwai firaima, wato shafin share fage, ta musamman mai yashi-yashi da ake shafawa a kan fentin mai a manna tayil. Akwai, kuma a busasshen wuri kamar bangon falo tana iya yi. Amma ita ma a kan fentin take zaune, ƙarfinta ba zai wuce ƙarfin abin da ke ƙarƙashinta ba. Idan gardama ta yi tsawo, a manna tayil biyu na gwaji, ɗaya a kan fenti ɗaya a kan kankararriyar filasta, a bar su kwana uku, a riƙa watsa musu ruwa, sannan a sa cizal a ɓanɓare kowa ya gani.

Abin da ke ƙarƙashin fenti

Fenti yana rufa wa filasta asiri, sai an cire shi ake ganin gaskiyarta. A ɗauki ƙotar guduma a bi bangon kaf ana ƙwanƙwasawa, daga ƙasa zuwa sama. Inda filasta ta kama bulo ƙarar a tsuke take, ƙwal-ƙwal. Inda ta saki za a ji bum-bum. A zagaye wurin da alli, a fasa shi har sai an isa inda ta kama sosai. Idan wuraren da suka saki sun kai sulusin bango, faci ɓata siminti ne, a sauke filastar duka a sake.

Sai gwajin ƙarfi. A karta filasta da ƙusa ko makulli. Mai kyau za ta bar ɗan farin layi ne kawai. Idan ƙusa ta nutse yashi yana zuba, an yi rowar siminti ranar da aka yi ta, ko ba a ba ta ruwa ba ta ƙone. Irin wannan ba ta ɗaukar tayil ko da wane gam aka saya. Idan saman ne kawai yake ɗan gari amma ciki da ƙarfi, firaima mai shiga jiki tana ɗaure shi.

Tsaga iri biyu ce. Ƙanana sirara da suka bazu a fuskar filasta, matuƙar wurin ba ya ƙarar fanko, ba su da illa. Wadda ake tsoro ita ce mai faɗin milimita 2 zuwa 3 ko fiye, wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, kuma ana ganinta ta ɗaya gefen bangon. Wannan ginin ne yake motsi, abin da aka saba gani a unguwannin da ke kan ƙasar laka ta fadama, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani. A shafa ɗan siminti a kan tsagar a wuri biyu, a rubuta kwanan wata, a jira makonni. Idan ya sake tsagewa, aikin ya wuce na mai tayil, a nemo injiniya ya duba tushe. Idan bai tsage ba, a buɗe tsagar da cizal ta yi zurfin santimita 1, a wanke, a cika da kwaɓi 1 da 3, a sa raga a kai. Mahaɗar bulo da ginshiƙin kankare ko lintal ita ma a sa mata raga, domin ba tare suke miƙewa da zafi ba.

Farin gari mai kama da kanwa da ke fitowa a gindin bango alama ce ta ruwa yana ratsowa yana barin gishiri. A goge shi da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, don narkewa zai yi ya koma ciki. Sai a nemo inda ruwan yake fitowa. A yanki leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a manna ta da salatif ta kowace kusurwa, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan an ɗaga an ga raɓa a cikinta ko bango ya yi duhu, akwai damshi daga ciki: ko bututu na yoyo, ko kwatar waje tana kwantar da ruwa a gindin bango, ko ginin ba shi da abin tare damshi a tushe, kamar yadda ake samu a gidaje da dama kusa da gulbi a Argungu, Jega ko Yawuri. Tayil ba ya maganin damshi, ɓoye shi yake yi, ruwan ya haura sama ko ya ɓulla ta ɗaya gefen. Baƙin funfuna da gansakuka kuwa a wanke su da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 4, a ɗauraye, kuma kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙinsu guba ne. Daskararren sabulu da maiƙo su ma a wanke da omo da ruwan zafi.

Akwai kuma gidajen da ginin ƙasa ne aka yi wa rigar siminti, suna da yawa a tsoffin unguwanni da ƙauyuka. Siminti ba ya haɗa jini da ƙasa, jingine kawai yake, kuma da damshi ya shiga tsakani sai ya saki falle guda. Ƙara masa nauyin tayil ganganci ne. Mafi aminci shi ne a tayar da siririn bangon bulo daga ciki, a kan nasa tushe, a yi masa filasta a sa tayil a kansa. Zai ci santimita 12 zuwa 15 ta kowane gefe, amma ya fi a wayi gari bango ya zubo kan mai wanka.

Miƙewa da sabuwar filasta

Yadda za a gama fuskar bango ya danganta da abin da za a manna tayil da shi. Masu aiki da siminti da yashi suna jiƙa tayil su lafta masa kwaɓi a baya, kaurin kwaɓin ne yake cinye karkatar bango, don haka suna son bango mai kaushi mai shan ruwa. Gam kuwa siriri ake shimfiɗa shi da cokali mai haƙora, milimita 3 zuwa 6 bayan an danna, ba ya gyara karkata. A aza renji, wato miƙaƙƙen sandan awo, mai mita 2 a tsaye, a kwance, da a karkace: ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce milimita 3. A saki filam, wato igiya mai nauyi a baki, daga sama a ga ko bangon ya kwanta ciki ko waje, a duba kusurwoyi da sikwaya. Da babban tayil irin mai santimita 30 da 60, ƙaramin tudu ma sai ya sa bakin wani ya ɗara na wani.

Idan fosilin aka saya, zancen siminti zalla bai taso ba. Ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, siminti ba ya samun inda zai kama a bayansa. Sai gam, kuma a duba jikin buhu: C1 na gama-gari ne, C2 shi ne mai ƙarin ƙarfi wanda ya dace da fosilin da wurin ruwa. Harafin T na nufin tayil ba ya zamewa ƙasa, E kuma gam ɗin yana jimawa bai bushe a bango ba, abin da ke da amfani ƙwarai a zafinmu.

Wurin da aka fasa ko bangon da za a sake wa filasta, a share ƙura, a jiƙa shi tun daren jiya, da safe ya zama mai damshi amma ba ya ɗiga. A fara da watsi: siminti 1, yashi mai kaushi 2, da ruwa-ruwa, a watsa da ƙarfi ya yi ƙuraje a jikin bulo, a ba shi ruwa kwana biyu. Shi ne haƙoran da filasta za ta kama. Idan an sami ruwan SBR, sinadarin ƙara wa siminti kamu mai kama da madara, ana dama shi da siminti a shafa da buroshi, a ɗora filasta tun yana danƙo. Idan aka bari ya bushe ya zama santsi, ya koma abokin gaba. Filastar kanta siminti 1 yashi 4, wato buhu ɗaya, wanda yake kwano biyu na gini, da kwano takwas na yashi, kimanin baro biyu. Hawa ɗaya kada ya wuce milimita 15. Idan ramin ya fi haka a yi hawa biyu, a kakkarta na farko a bar shi ya kwana. A gama da katakon shafa. Kada a bi da cokalin ƙarfe a yi mata sulɓi, kuma kada a yayyafa busasshen siminti a kai don ta yi kyau, wannan fatar ɓarewa take yi.

Yashi a kula da shi. Na gulbi da aka ɗebo bayan damina yakan zo da laka. A zuba shi a kwalba ya kai santimita 10, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye awa uku. Lakar da za ta kwanta a sama idan ta kusa santimita 1, a wanke yashin ko a sauya. Siminti kuwa, na BUA da ke fitowa daga Kalambaina ne ko na Dangote, duk suna yi. Abin dubawa shi ne kada ya zama ya kwana biyu a shago har ya fara dunƙulewa.

Ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, sannan a bar ta ta sha iska. Sabuwar filasta tana tsukewa yayin da take bushewa, idan aka manna tayil da wuri za ta tsuke a bayansa ta sake shi. Mafi ƙaranci mako biyu kafin tayil, ƙananan faci kuwa mako ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da kuma cikin hunturu da iska ke busar da komai, matsalar ita ce saurin bushewa: a rufe taga, a ƙara yawan ban ruwa, a yi aikin da sassafe. A watan Agusta kuwa akasin haka ne, a ƙara mata mako guda a kan biyun.

Ga misalin lissafi. Banɗaki mai mita 1.5 da 2.1, za a sa tayil zuwa tsayin mita 2.1: kewayensa mita 7.2, fuskar bango murabba'in mita 15, a cire ƙofa ya rage kimanin 13.5. Sabuwar filasta za ta ci buhu 2 na siminti da baro 4 na yashi, har da ɗan rara. Gam buhu 3 zuwa 4 masu kilo 20. Tayil a sayi na mita 15 saboda yanka da fashewa, kuma a saye shi lokaci ɗaya, don launin wani zubin yakan ɗan bambanta.

Tare ruwa

Yawancin banɗakunanmu ba a yi musu wannan, shi ya sa fentin ɗakin da ke jingine da su yake kumbura daga ƙasa. Garin watafuruf da ake zubawa cikin kwaɓi, galibi kilo 1 ga buhun siminti, yana rage shan ruwa, amma ba ya rufe tsaga ko kusurwa. Wanda ya fi shi shi ne na shafawa, mai gari da ruwansa da ake haɗawa. A shafa hawa biyu da buroshi, na farko a kwance na biyu a tsaye, da tazarar awannin da aka rubuta a jikin robar. Wajen wanka a kai shi tsayin mita 1.8 zuwa 2, sauran bango aƙalla santimita 30 daga ƙasa, a haɗe da daɓen ƙasa ba yankewa. A kusurwoyi da mahaɗar bango da ƙasa da kewayen bakin bututu a nutsa ƙyallen raga cikin hawa na farko. Bayan ya bushe a toshe magudana, a tara ruwa santimita 3 zuwa 5 a ƙasa ya kwana, a duba ta waje. Bangon da aka yi wa wannan shafi ba ya shan ruwa kuma, saboda haka da gam kaɗai za a manna masa tayil.

Kuskure ɗaya da ya yaɗu: shafa farin gam na kafintoci a bango wai don tayil ya ƙara kamawa. Wannan gam fata yake yi a saman filasta, kuma yana narkewa idan ya ji ruwa, wato an kankare fenti an mayar da wani. Idan filasta tana shan ruwa da yawa, a watsa mata ruwa a gani, idan ya ɓace cikin 'yan daƙiƙu tana buƙatar firaimar akirilik ta tayil ko SBR da aka sirka bisa umarnin jikin galan.

Jajibirin sa tayil

A share bango da buroshi, a bi da jiƙaƙƙen soso, a shafa hannu a ga bai kwaso gari ba. Daɓen banɗaki yana gangarawa zuwa magudana, don haka ba a ɗaukar layi daga ƙasa. A sa alama a tsayin mita 1, a zagaya da ita bango huɗu da siririn tiyo mai ruwa ko lebul, a ja layi. Daga wannan layi a auna a gano inda sahu na biyu zai fara, yadda sahun ƙasa zai zama yankakke kaɗan a wuri mafi gangara, a kafa miƙaƙƙen katako a nan ya tallafi tayil. A jera tayil a ƙasa tare da sifesa, 'yan robobin raba tazara, na milimita 2 zuwa 3 a ga inda yanka zai faɗa. Idan siririn yanki zai rage a kusurwa, a matsar da farawa zuwa tsakiyar bango yadda gefe biyu za su raba. Sahun ƙasa shi ne na ƙarshe, bayan an cire katakon an toshe ramukan ƙusa, an kuma gama tayil ɗin daɓe, domin na bango ya sauka a kan na ƙasa.